Asalin Buga Hoto a Takarda

In ka karɓi sabuwar takardar naira a kasuwar kifi ta Yauri, shafa hoton mutumin da ke jikinta da ɗan yatsa. Za ka ji kaushi-kaushi, tawadar ta ɗan taso. Dabarar nan ta haura shekara 500, kuma daga maƙera ta fito.

Wajen 1430 maƙeran zinariya na ƙasar Jamus suka soma ta. Sai su sami farantin jan ƙarfe, su yi ta tsaga shi da tsinken ƙarfe mai kaifi, yadda mai zanen ƙwarya ke yi da wuƙarsa. In zane ya kammala sai a cika tsagar da tawada, a goge bisan farantin tas, a shimfiɗa takarda mai laima, a matse da ƙarfi. Da an ɗaga, ga hoto. A sake shafa tawada, ga wani, har ɗaruruwa. Tun kafin su akwai masu yi da katako, su kuwa inda ba sa so ya fito suke sassaƙewa. Da Gutenberg ya ƙago injin buga haruffa a Mainz wajen 1450, sai hoto da rubutu suka haɗu a shafi ɗaya.

Gwanin gwanaye shi ne Albrecht Dürer na Nuremberg. A 1515 aka kawo wa sarkin Fotugal karkanda daga Indiya. Dürer bai taɓa sa ta a ido ba, wasiƙa da ɗan zane kawai suka iso masa. Ya zana ta sanye da sulke, har da wani ɗan ƙaho a doro wanda Allah bai yi mata ba. Amma da yake tasa ce ta cika kasuwa, Turawa suka shekara fiye da 200 suna kwafar ta, sun ɗauka haka karkanda take.

Masu rigima ba su yi sanya ba wajen gane amfanin abin. A 1521 Lucas Cranach, abokin Martin Luther mai adawa da Fafaroma, ya yi wa wani ɗan littafi hotuna bibbiyu: nan Annabi Isa yana wanke ƙafafun almajiransa, can Fafaroma ana sumbatar tasa ƙafar. Ko wanda bai san baƙi ba ya gane inda aka dosa, ga shi da arha.

To, ina ruwan Yauri? A 1830 wasu Turawan Ingila, Richard Lander da ƙanensa John, suka sauka wurin Sarkin Yauri, suna cigiyar takardun Mungo Park, Baturen da ya zo binciken kogin Kwara, wanda ya halaka a Bussa a 1806, garin da ruwan Kainji ya shanye a 1968. Ba su samu ba. Suka gangara Kwara cikin kwalekwale har teku. A 1832 aka buga labarinsu a Landan, da hotuna da taswirar kogin, duk ta wannan hanya ta tsaga faranti. Masuntan da suka san kowane dutse na ruwan nan ba su ga taswirar ba, attajiran Ingila ne suka gan ta. A shekarar nan ɗin jiragen tururi biyu suka taso daga Liverpool, ɗaya Kwara, ɗaya Albarka, Richard Lander na nuna musu hanya.