Raunin fasinja a hatsarin babbar mota ba tare da karo ba

A kundin rarraba cututtuka na hukumar lafiya ta duniya OMS, wanda likitocin Nijar suka sani da CIM-10, lamba V68 ta shafi wanda ya ji rauni a babbar motar kaya alhali motar ba ta yi karo da komai ba: ta kife, ko mutum ya faɗo daga kanta. Babbar mota a nan ita ce ta kaya wadda nauyinta yakan wuce kilo 3500. V68.6 na fasinja ne, V68.7 na wanda ke a waje, kamar saman lodi, V68.4 kuma na mai hawa ko sauka.

A gundumomin Tasawa da Mayahi, cikin jihar Maradi, abin ya fi shafar ƴan cin kasuwa da ke hawa kan buhunan gero da wake. Idan lodi ya yi tsawo, nauyi yana komawa sama. Fashewar taya a kan hanyar ƙasa mai lamba 1 da ta ratsa Tasawa zuwa Damagaram, ko zamewar ƙafa ɗaya cikin rairayin hanyoyin ƙauyukan Mayahi, ya isa ya kwantar da motar. Na saman kaya ba shi da abin riƙo; shi ke fara faɗowa, buhuna su biyo shi.

Raunukan da aka fi tsoro su ne na kai, wuya da ƙashin baya, karayar ƙugu, da zubar jini a cikin ciki, wadda ba a gani daga waje. Mutum na iya miƙewa yana magana, bayan ƴan awowi ya galabaita. Ciwon kai mai ƙaruwa, amai, yawan barci ko ciwon ciki alamu ne na a gaggauta zuwa likita.

A wurin hatsari, a kira ƴan kwana-kwana ta lamba 18, a danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta, kada a ba shi ruwa. Wanda ke kukan wuya ko ƙafafunsa suka mutu, a ɗauke shi kwance a kan katako, kai da jiki a miƙe. Ɗora shi kan kabu-kabu, ko da da niyyar taimako, yana iya gurgunta shi. Karayar da ƙashi ya huda fata ba ta mai ɗori ba ce. Asibitocin gunduma na Tasawa da Mayahi kan tura masu tsanani Maradi.

Iyali su tabbatar jandarma sun rubuta takardar bincike, su kuma adana takardun likita, domin da su ake neman diyya wajen kamfanin inshora.