Yadda Masu Otizim Suka Kafa Majalisarsu

A shekarar 1943 wani likita mai suna Leo Kanner, na asibitin Johns Hopkins a Amurka, ya bayyana halin yara 11 waɗanda ba su kula da mutanen da ke kewaye da su, kuma hankalinsu kan tashi ƙwarai idan an sauya musu tsarin da suka saba, ya kira wannan hali otizim. Tun daga sa'an nan malaman likitanci suka kusa yin ijma'i a kan cewa kaɗaici ɗabi'ar irin waɗannan yara ce, ba su da hajar aboki. Mafi muni kuwa ita ce tuhumar da aka ɗora wa iyaye mata, wadda Bruno Bettelheim ya ƙara rura wutarta a littafinsa na 1967, wai rashin ƙaunar uwa ne musabbabin larurar.

Iyayen da aka yi wa wannan ƙazafi su ne suka fara neman juna. A 1962 wasunsu suka haɗu a Landan, cikinsu har da likita Lorna Wing, wadda ita ma ɗiyarta na da larurar, suka kafa ƙungiya. A 1965 suka buɗe makaranta ƙarƙashin malama Sybil Elgar, kuma a shekarar nan Bernard Rimland ya kafa irin wannan ƙungiya a Amurka. Haƙiƙa sun yi aikin alheri, amma majalisar ta iyaye ce da masana, baligi mai otizim in ya halarta sai a zaunar da shi gaban jama'a ana yi masa tambayoyi, ya zama abin kallo.

Sai a 1992 al'amari ya juya, lokacin da mutum uku masu larurar, Jim Sinclair da Kathy Grant da Donna Williams 'yar Ostareliya, suka yi 'yan kwanaki tare a birnin San Luwis, suka tarar cewa mu'amalar da ke gajiyar da su a cikin sauran mutane ta zo musu da sauƙi a tsakaninsu, domin babu mai tilasta wa wani haɗa ido, babu mai ganin aibu in wani ya yi shiru ko yana kaɗa jiki. Suka kafa ƙungiyar Autism Network International, wadda a 1996 ta shirya zama na kwanaki a wani sansani cikin jihar Niyok, aka sa masa suna Autreat.

Ladubban wannan zama su ne abin lura. Kowa yana iya rataya kati a ƙirjinsa: ja yana nufin kada kowa ya yi mini magana, rawaya sai wanda na yi wa izini, kore kuwa ina marmarin hira amma fara ta ke yi mini wuya, don haka ka fara. In mai jawabi ya gama, maimakon tafi, wanda ƙararsa ke cutar da kunnen wasu, sai a ɗaga hannuwa ana karkaɗa su. Mu da muke ganin ƙin amsa gaisuwa babban laifi, watakila jan katin nan ya yi mana kama da wulaƙanci, alhali shi ne ginshiƙin zumuncin, gama wanda ya tabbata yana da ikon janye jiki duk sa'ad da ya gaji, ba tare da an zarge shi ba, shi ne zai yi ƙarfin halin shigowa cikin jama'a tun farko.

Autreat ya yi zamansa na ƙarshe a 2013, amma Autscape, wanda aka fara a Ingila a 2005 bisa tafarkinsa, ya ci gaba da taruwa kowace shekara, kuma masu otizim ɗin ne da kansu ke gudanar da shi.