Ribe: Tsohon garin Denmak da majami'unsa biyu

Ribe, a kudu maso yammacin yankin Jutland, shi ne gari mafi tsufa a ƙasar Denmak, ko da yake mazaunansa a yau ba su wuce dubu takwas da ɗoriya ba. Kasuwa ce ta haife shi. Tun wajen shekarar 710 fatake ke sauka a bakin kogin Ribe suna cinikin duwatsun ado, gilashi da matajan ƙaho.

Inda fatauci ya bi, nan addini ya biyo. A wajen 855 Sarki Horik na Biyu ya ba mai wa'azin Kirista Ansgar izinin gina coci a garin, fiye da shekara ɗari kafin Sarki Harald ya sa a sassaƙa a dutsen Jelling cewa ya shigar da Denmak addinin Kirista. A 948 garin ya riga ya sami bishop.

Da arziki ya bunƙasa, aka soma gina babbar majami'ar a wajen 1150, da duwatsun da jiragen ruwa suka yi jigilarsu daga yankin kogin Rhine na Jamus. Ran safiyar Kirsimeti ta 1283 hasumiya guda ta rufta kan masu ibada, ta kashe mutane. A madadinta aka gina wata da jan bulo, mai tsayin mita 52 a yau, wadda ta zama wurin hangen abokan gaba da ambaliya. Sufayen Dominikan kuma sun kafa gidan ibadar Sankt Catharinæ a 1228.

Sauyin addini na 1536, da ya mayar da ƙasar kan tafarkin Luther, ya sa aka rufe gidajen sufaye, aka rushe majami'u da dama. Babbar majami'ar da ta Sankt Catharinæ ne kaɗai suka tsira.

Daga nan masifu suka yi ta zuwa: gobarar 1580 ta cinye gidaje sama da 200, ambaliyar 1634 ta kutsa har cikin babbar majami'a, yashi ya cike kogin. Da aka fara gina tashar jiragen ruwa ta Esbjerg a 1868, ciniki ya ƙaura can.

Sai dai wannan koma-baya ne ya ceci tsohon garin, domin babu kuɗin rusau da sabon gini. Har yau ana ibada a majami'un biyu.