Yadda Ake Shari'ar Manyan Laifuffuka a Gaban Kotun Majistare

A wannan shafi muna bayyana wa jama'a hanyar da doka ta tanada domin sauraron wasu manyan laifuffuka a ƙananan kotuna, ba tare da an kai su Babbar Kotu ba. Ana kiran wannan hanya taƙaitacciyar shari'a, kuma ta nan ne mafi yawan ƙararrakin laifi suke bi a ƙasar nan.

Mene ne babban laifi?

Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta Tarayya ta 2015 ta fassara shi da cewa laifi ne wanda hukuncinsa zai iya wuce ɗaurin shekara 2, ko tarar da ta haura naira 40,000, muddin dokar da ta kafa laifin ba ta ce a yi masa taƙaitacciyar shari'a ba. Jihohi sun kafa irin wannan doka tasu, kamar Kaduna a 2017 da Kano a 2019, kuma ita ce kotunan jiha suke bi.

Asalin tsarin

Kafin waɗannan dokoki, Kudu da Arewa sun bi hanyoyi biyu. A Kudu, tsohuwar doka ta wajabta wa majistare ya tambayi wanda ake tuhuma ko ya amince a yi masa shari'a a gabansa, ko kuwa ya fi son Babbar Kotu. In ba a yi wannan tambaya ba, shari'ar ta rushe. A Arewa kuwa, dokar da ta fara aiki a 1960 tare da Finalkod ta zo da jadawali mai nuna kowane laifi da kotun da ke da hurumin sauraronsa. Saboda haka a nan doka ce ke zaɓar kotu. Laifin da hukuncinsa kisa ne, kamar kisan kai da gangan, majistare ba ya da hurumi a kansa.

Matakan shari'ar

Ƙara takan fara ne da rahoton farko na 'yan sanda, ko da koken da mutum ya shigar da kansa. Za a karanta wa wanda ake tuhuma abin da ake zarginsa da shi cikin harshen da yake ji. Idan ya amsa laifi, kotu za ta rubuta kalamansa, kuma tana iya yanke masa hukunci a kan su. Idan ya musanta, mai gabatar da ƙara zai kawo shaidunsa, shi kuma ko lauyansa ya yi musu tambayoyi. In majistare ya ga shaidun ba su kafa komai ba, sai ya sallame shi. In kuwa akwai abin amsawa, sai a rubuta tuhuma, a ba shi damar kāre kansa da kiran nasa shaidun, sannan a yanke hukunci.

Iyakar ikon majistare

Kowane majistare yana da matsayi, kuma doka ta ƙayyade yawan ɗauri da tarar da mai wannan matsayi zai iya yankewa. Ba zai ƙetare wannan iyaka ba ko da dokar laifin ta tanadi fiye da haka. Idan laifin ya fi ƙarfin kotunsa, abin da zai iya yi shi ne ba da umarnin tsarewa na ɗan lokaci kafin Ma'aikatar Shari'a ta ba da shawara. A dokar tarayya umarnin farko ba ya wuce kwana 14, kuma ba a sabunta shi sai da dalili.

Haƙƙin wanda ake tuhuma

Taƙaita hanya ba ta rage haƙƙi ko ɗaya. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗauki kowa a matsayin marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa. Ya ba shi isasshen lokacin shirya kāriya, da ikon ɗaukar lauya, da tafinta kyauta. Wanda aka wanke ko aka hukunta ba za a sake gurfanar da shi kan laifin nan ba, sai da umarnin kotu ta sama. Sashe na 35 kuma ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40.

Abin lura

Muna jan hankalin jama'a cewa amsa laifi domin a gama da wuri hukunci ne cikakke, kuma yana shiga tarihin mutum. Kada kowa ya amsa abin da bai fahimta ba. Wanda bai gamsu da hukunci ba yana iya ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotu, galibi cikin kwana 30. Wanda ba ya da halin ɗaukar lauya yana iya neman agajin Hukumar Taimakon Shari'a ta Ƙasa.