Perpetuwa da Felisita: Sunaye Biyu da Muke Ji a Misa

Idan Fada ya ɗauki Addu'ar Yukaris ta farko, yana kaiwa wurin da yake jero sunayen mata bakwai. Biyun farko su ne Felisita da Perpetuwa. Mu a nan Janfalan, kamar sauran Katolikan Ikara da Makarfi da Kudan da ke ƙarƙashin Dayosis na Zariya, mun saba jin sunayen har sun zama tamkar kiɗan da kunne ya gaji da shi. Wasu ƙannenmu ma sun ɗauke su ranar baftisma. To, su wane ne?

'Yan Afirka ne. A birnin Kartaj suka rayu, a ƙasar da ake kira Tunisiya yau, lokacin da Sarki Septimiyus Seberus ke mulkin Roma. A shekara ta 203 aka kama su tare da Rebokatus da Saturninus da Sekundulus. Dukansu 'yan ajin koyon addini ne, ba a ma yi musu baftisma ba tukuna, sai bayan kamun. Malaminsu Saturus ba ya nan sa'ad da aka zo, amma ya kai kansa da ƙafarsa. Perpetuwa 'yar babban gida ce, shekarunta kamar 22, da goyo a hannu. Felisita kuwa baiwa ce mai cikin wata takwas.

Perpetuwa da hannunta ta rubuta abin da ya same ta a kurkuku, kuma rubutun ya kai zamaninmu. Wanda ya karanta shi zai ga cewa ba namun daji ne suka fi ba ta wahala ba. Mahaifinta ne. Tsohon ba Kirista ba ne, kuma yana sonta fiye da 'yan'uwanta maza. Da ya matsa mata ta janye, sai ta nuna masa wani tulu da ke ajiye, ta tambaye shi ko ana iya kiransa da wani suna dabam. Ya ce a'a. Ta ce haka ita ma ba ta da sunan da ya wuce Kirista. Ya fusata ya tafi, ya sake dawowa yana kuka, ya sumbaci hannuwanta, ya faɗi a ƙafafunta, ya roƙe ta ta dubi furfurarsa. Ranar shari'a ya zo ɗauke da jikansa. Gwamna Hilariyanus ya sa aka buge shi da sanda a gaban jama'a, ita kuwa ta rubuta cewa dukan ya yi mata zafi kamar a jikinta ya sauka.

A nan ne labarin ya shigo gidajenmu. Akwai waɗanda a cikinmu iyayensu ko kakanninsu suka bar al'adar gargajiya suka bi Yesu, dangi suka juya musu baya. Akwai 'yan mata da maganar aure ta sa su tsakanin Baba da coci. A ganinmu abin lura shi ne Perpetuwa ba ta zagi tsohon ba ko sau ɗaya, ba ta kuma ƙona turaren da aka ce ta ƙona domin lafiyar sarki ba.

Dokar Roma ta hana kashe mace mai ciki, saboda haka Felisita ta ji tsoron za a bar ta a baya. 'Yan'uwan suka yi addu'a, ta haifi 'ya mace a kurkuku kwanaki kaɗan kafin ranar, wata Kirista ta karɓi jaririyar ta rene ta.

A filin wasa, a bikin ranar haihuwar Geta ɗan sarki, aka sako wa matan saniya mai faɗa. Ta watsar da Perpetuwa, ta tashi ta gyara rigarta da gashinta, ta miƙa wa Felisita hannu ta ɗaga ta. 'Yar masu gida da baiwa suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, suka yi gaisuwar salama da sauran, sannan takobi ya ƙarasa su.

Bayan shekara kusan 200, Waliyyi Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, yana yi wa jama'arsa wa'azi a ranar tunawa da su. Ranar ita ce 7 ga Maris, kuma galibi tana faɗowa cikin azumin kwana arba'in, daidai lokacin da hunturu ke janyewa a nan wajenmu zafi yana kama ƙasa.