Ganuwa da Kududdufi: Abin da Tsarin Birnin Kano Ya Manta

Tsakure

Wannan maƙala ta duba matsayin kayan gado a bunƙasar birnin Kano. Hujjarta ita ce darajar ganuwa ta fi ƙarfin abin nuna wa baƙi, domin ita da kududdufan da ke gindinta aiki ɗaya suke yi wa gari, kuma cike kududdufan na cikin musabbabin ambaliyar da ake fama da ita a yau.

Waiwaye

Tarihin ganuwar sananne ne. Sarki Gijimasu (1095–1134) ya ɗora harsashinta, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499), aka sake faɗaɗawa a zamanin Muhammadu Nazaki a ƙarni na 17. H.L.B. Moody da Bawuro Barkindo sun yi wa ƙofofinta hidima a rubuce-rubucensu, ba mu da ja da su.

Jayayyarmu da masu cewa a kiyaye badala saboda yawon buɗe ido ce. Tun da aka sanya ganuwar a jerin share fage na UNESCO a 2007 wannan magana ta zama waƙar kowane taro. To amma hujjar tana da rauni. Idan kuɗin shiga ne ma'auni, jerin shaguna a bakin titin BUK ya fi ganuwa kawo riba nesa ba kusa ba, kuma duk mai yanka fuloti ya san haka. Wannan hujja ba ta hana a rushe Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi ba, ko da yake an mayar da wata ta siminti a gurbinta. Wanda ya kare gado da lissafin kasuwa ya riga ya miƙa wuya.

Hanyar Bincike

An kwatanta tsofaffin taswirori, har da na tsarin raya birni na Trevallion na 1963–1983, da hotunan tauraron ɗan'adam. An bi gindin badala da ƙafa daga Ƙofar Na'isa zuwa Gadon Ƙaya da damina, an kuma tattauna da magina da masu unguwanni.

Sakamako

Ƙasar da aka yi ganuwa da gidajen cikin birni a nan kusa aka haƙo ta. Magini ya kwaɓa ta da ciyawa, ya mulmula tubali da hannu, ya shanya, ramin da ya bari kuwa ya zama kududdufi. Ke nan kowane soro da kowane zaure yana da raminsa a wani wuri. Idan ruwa ya sauko daga indararo ya bi lungu, kududdufin unguwa ne ke karɓarsa, ya riƙe shi, ya sake shi a hankali zuwa Jakara ko ya nutse ya ciyar da rijiyoyi. Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ga Jakara a matsayin babban tafki a tsakiyar gari.

Yadda ake kashe kududdufi iri ɗaya ne kusan ko'ina. Da fari a mai da shi juji. Leda da toka da ɓaraguzai su taru har ya kafe, sai a zuba jar ƙasa a daddaɓe, a wayi gari an kafa turaku. Bayan shekara biyu ko uku bangon sabon ginin ya fara tsagewa, ruwan sama kuma, da ya rasa masauki, ya koma tsakar gidan maƙwabta. Lambatun siminti da ake haƙawa a madadinsa kora ruwa yake yi, ba ya riƙewa, kuma leda ɗaya ta isa ta toshe kwalbati. (Abin mamaki, injiniyoyi a wasu ƙasashe na kashe maƙudan kuɗi su haƙa irin wannan rami da gangan.) Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta ba ta ikon kare gine-ginen tarihi, amma a aikace ido na kan bango, ramin da ya haifi bangon ba shi da mai tsaya masa. Rusau ɗin da gwamnatin Kano ta yi a 2023 ma gine-gine ya ture, bai buɗe kududdufan da aka binne ba.

Iyakoki

Gaskiya ne kududdufin da aka yi watsi da shi matattarar sauro ne, yara ma kan nutse a ciki, kuma mazauna kusa da shi ba su yi laifi ba idan sun so a cike. Wannan sakacin kula ne. Binciken bai auna yawan ruwan da kowane rami ke ɗauka ba, kuma yanki ɗaya na badala ya duba. Wancan awo aikin masana ruwa ne.