Karaye da Rogo: Ƙasar Bakin Iyaka da Ba a Cika Kai Baƙo Ba

Idan baƙo ya zo Kano yana son ganin al'adar Hausa, hanyar da za a bi da shi sananniya ce. A hau da shi Dutsen Dala, a sauko da shi Gidan Makama, a ratsa da shi kasuwar Kurmi, a tsaya a marinar Ƙofar Mata ya ɗauki hoto. In ya taki sa'a zuwansa ya dace da Sallah, ya ga Hawan Daushe. Daga nan sai filin jirgi. Duk waɗannan abin gani ne, babu musu. Sai dai Kano birni ne na sarauta da fatauci, kuma yawancin Hausawan da suka yi zamani a ƙasar nan ba a cikin badala suka zauna ba. Manoma ne, a ƙananan garuruwa masu ganuwa da ƙauyukan da ke kewaye da su. Wanda yake son ya san irin zaman da suka yi, sai ya fita ta Kabuga, ya miƙi hanyar Gwarzo, ya wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero da Rimin Gado, sannan ya karkata kudu zuwa Karaye da Rogo.

Ita kanta Kabugar tana da alaƙa da Karaye. Kundin Tarihin Kano, wanda Baturen mulki H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya kawo labarin Sarkin Kano Muhammadu Nazaki, wanda ya yi sarauta daga 1618 zuwa 1623. Da ya hau gado sai ya aika wa Katsina da neman sulhu, Sarkin Katsina ya ƙi, ya taso da yaƙi. A Karaye aka gwabza, Kanawa suka yi nasara. Shekara ta zagayo, Nazaki ya fita wani yaƙin, ya bar Wambai Giwa a gida ba shi da lafiya. Da Wambai ya warke, sai ya nemi abin da zai faranta wa ubangidansa rai, aka ba shi shawara ya ƙara faɗin birni. Shi ne ya ja ganuwa ta yamma, wadda ta bi ta Gadon Ƙaya da Dukawuya da Kabuga har Kansakali, kuma kundin ya ce kowace rana yana yanka wa ma'aikata shanu. Bayan wannan aiki Wambai ya bar birni ya koma Karaye da zama. Daga can yake kai wa Katsinawa hari, yana kwaso ganima, har ya tara dawaki dubu da barade ɗari masu sulke. Ƙarfinsa ya kai inda fada ta fara jin tsoron kada ya yi tawaye, sai aka tuɓe shi a zamanin Sarki Kutumbi.

Wannan labari ya nuna ko wane irin gari ne Karaye. Garin bakin daga ne, mai tsare ƙofar yamma, inda ƙasar Kano ta haɗu da ta Katsina, kuma Zazzau tana nan kudu ba nisa. Irin wannan wuri dole a ajiye jarumi, kuma duk jarumin da aka ajiye, in ya daɗe, sai birni ya fara yi masa kallon gefen ido. Ko da malamai suka shiga tsakani aka yi sulhu da Katsina a zamanin Sarki Shekarau, wajen 1650, Karaye ba ta daina zama mashiga ba. A lokacin jihadi, jama'ar Shehu ta Kano a yammacin birni ta yi hijira, a Kwazazzabon 'Yar Kwando, kuma Karaye tana cikin garuruwan da suka faɗa hannunsu kafin a kori Sarki Alwali daga birni, wanda daga baya aka kashe a Burumburum a 1807. A ƙarƙashin sarakunan Fulani, mai riƙe da Karaye ya ci gaba da amsa sunan sarki, kamar takwarorinsa na Rano da Gaya da Dutse, amma yana bin Sarkin Kano. Da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka yanka ƙasar gunduma-gunduma, Sarkin Karaye ya zama ɗaya daga cikin hakimai.

Shi ya sa ba na ganin rigimar masarautun da aka sha a 'yan shekarun nan a matsayin sabon abu, duk da cewa siyasar zamani ce ta tayar da ita. A watan Mayu na 2019 Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu a dokar da ta ƙirƙiro masarautun Bichi da Rano da Gaya da Karaye, aka ɗaga Alhaji Ibrahim Abubakar na Biyu ya zama sarki mai daraja ta ɗaya, da ƙananan hukumomi irin su Gwarzo da Kabo da Rimin Gado da Madobi a ƙarƙashinsa. Kotu ta soke dokar a ƙarshen shekarar, majalisa ta sake yin wata. A watan Mayu na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya rushe masarautun, sannan a watan Yuli aka dawo da Karaye a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomi biyu kacal, wato Karaye da Rogo, aka naɗa Alhaji Muhammad Mahraz Karaye, wanda yake hakimin Rogo ne a da. Tambayar ita ce dai ta zamanin Wambai Giwa: wane girma za a bar wa mai riƙe da Karaye? Baƙon da ya zauna a majalisar dattawa a garin zai ji ra'ayi iri-iri a kan wannan, kuma gara ya saurara fiye da ya tsoma baki.

Amma tarihin sarakuna rabin labari ne. Ɗaya rabin yana Zarewa, a ƙasar Rogo, kuma wata tsohuwa ce ta bar mana shi.

Sunanta Baba, an haife ta wajen 1877 a wani ƙauye da ake kira Karo, kusa da Zarewa. Kakanninta daga Barno suka zo. Tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950, a garin Giwa ta ƙasar Zazzau, ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, matar M. G. Smith wanda yake binciken tsarin mulkin Zazzau a lokacin, ta ba ta labarin rayuwarta da Hausa, ita kuma tana rubutawa. Baba ta rasu a 1951, littafin kuwa ya fito a Landan a 1954 da sunan Baba of Karo. Ban san wani littafi da ya kai shi bayyana zaman talakan Hausa na kafin zuwan Turawa daga bakin mace ba.

Abin da ke cikinsa ba irin abin da ake nuna wa baƙo a wajen hawa ba ne. Baba ta ba da labarin rinjin gidansu, da bayin da ke noma a ciki, da yadda 'ya'yan bayi da 'ya'yan gida suke tasowa tare amma kowa ya san matsayinsa. Ta ba da labarin mahara, musamman mutanen Mai Sudan, wato Ibrahim Nagwamatse na Kontagora, da yadda mutanen ƙauye suke kwasar yara da 'yan komatsai su ruga cikin ganuwar Zarewa idan aka ji ƙishin-ƙishin ɗin hari. An taɓa kame wasu daga cikin danginta, sai da aka tara kuɗin wuri aka fanso su. Ta faɗi ra'ayinta a kan zuwan Turawa ba tare da kwana-kwana ba: manoma irinsu sun ji daɗin daina hari, amma bayin rinji da yawa sun kama gabansu, gandu ya ragu. Sannan ga abin da ya fi yawa a littafin, wato zaman gida. Aure da saki, domin ita kanta sau huɗu ta yi aure. Kishi da zaman lafiya tsakanin kishiyoyi. Ƙawance da bikin da ake rama wa juna. Wankan jego, yaye, kunyar ɗan fari, girkar bori. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ta riƙi 'ya'yan dangi ta aurar da su, kuma ta bayyana yadda riƙo yake ɗaure zumunci.

Abin takaici a nan shi ne inda littafin ya fi samun masu karatu. Jami'ar Yale ta Amurka ta sake buga shi a 1981, kuma ɗaliban nazarin Afirka a can sun daɗe suna karanta shi a aji. Ka je Zarewa ka tambayi ɗan sakandare ko wace ce Baba, ka ga ko zai gane. Haka ma Maguzawan yammacin Kano, waɗanda labarin baka yake danganta kafuwar tsofaffin garuruwan yankin da su. Ba'amurke Joseph Greenberg, wanda daga baya ya shahara wajen rarraba harsunan Afirka gida-gida, a cikinsu ya yi bincikensa na farko a 1938 da 1939, ya fitar da littafi a kan addininsu a 1946. A yau yawancin jikokinsu sun musulunta ko sun shiga addinin Kirista, kuma mai zuwa neman tsafi don ya ɗauki hoto zai koma hannu rabbana, ƙila ma ya ɓata wa mutane rai.

Tun da an ambaci Amurka, su can suna da wata dabara ta sayar da tarihi. A garin Williamsburg na jihar Virginia, tun daga 1926 aka fara gyara tsofaffin gine-gine da kuɗin attajiri John D. Rockefeller ƙarami, har aka mayar da unguwa guda kamar yadda take a ƙarni na 18, da maƙera da masaƙa sanye da tufafin da, suna aiki don masu kallo su biya. Akwai abin koyi a ciki, domin aƙalla ba su bar ginin ya rushe ba. Amma wasan kwaikwayo ne, kowa ya sani. A Karaye da Rogo babu wanda ya shirya komai don baƙo. Maƙerin da ka gani yana ƙera fartanya, manomi ne zai saya. Wannan shi ne daɗin wurin, kuma shi ne matsalarsa, domin abin da ba ya kawo kuɗi ba mai tattalinsa. Ganuwar ƙasa, in aka bar ta da damina da masu ɗibar ƙasar gini, ƙarewa take yi, kuma tsohon da ya san inda kowace ƙofa take ba zai dawwama ba. Sunan Karaye ya taɓa shiga harkar adabi ta wata hanyar, lokacin da aka kafa gasar rubutun Hausa ta tunawa da Injiniya Bashir Karaye a 2007, wadda Ibrahim Sheme ya fara lashewa da littafinsa 'Yartsana. Da irin wannan himma za ta juya ga tattara labarin baka na garuruwan yankin, da an tsira da abu mai yawa.

Ƙasar kanta ta noma ce. Ruwan sama ya fi na arewacin Kano yawa, shi ya sa masara da dawa da waken suya suke yi sosai, ga rake a fadamun da suka miƙa har Makarfi ta jihar Kaduna, inda ake matse shi a dafa ruwan a yi mazarƙwaila. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Karaye mutum 141,407, Rogo kuma, wadda daga jikin Karaye aka yanke ta, 227,742, wato 'ya ta fi uwa yawa. Kujerarsu ɗaya a Majalisar Wakilai, kuma duk da suna yamma, a lissafin sanata cikin Kano ta Kudu suke.

Babban abin da ya sauya fuskar yankin a zamaninmu shi ne madatsar ruwa ta Challawa, kimanin kilomita 90 daga birni. Hukumar WRECA ta jihar Kano ce ta faro aikin, gwamnatin tarayya ta karɓa, kamfanin Julius Berger ya gina tsakanin 1990 da 1992. Tsayin bangon mita 42 ne, tsawonsa ya kusa kilomita 8, kuma yana iya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da ita. Tsayawa a kan bangon da yamma, kana kallon masunta cikin kwale-kwale a inda da gonaki ne, abu ne da ya cancanci tafiyar. Ruwan ya kawo kifi da noman rani, kamar yadda ƙaramar madatsar Kusalla ta yi tun kafin nan. Amma ya ci gonakin mutane, kuma can ƙasa, a fadamun Haɗeja da Nguru, tun da Tiga ta 1974 da Challawa suka tare ambaliyar da aka saba, ruwa ya koma gudu kaɗan-kaɗan duk shekara, ciyawar kacalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa. Manomin shinkafa na can yana da nasa labarin game da dam ɗin da mutumin Karaye yake alfahari da shi.

Mai niyyar zuwa, ya bari sai bayan kaka, lokacin da amfanin gona ya shigo, kasuwannin ƙauye suka cika, hanyoyin burji suka bushe. Ya fara da gaida mai unguwa ko dagaci, domin ta nan ake samun dattijon da zai zagaya da mutum, kuma kada ya je hannu biyu, ko goro ne ya riƙe. Ya yi tafiyarsa da rana, ya kuma tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki kafin ya nufi ƙauyukan da ke kan iyakar Katsina da Kaduna. In kuma ya ji an ce Falgore, ya tambaya wacce: akwai Falgore ta ƙasar Rogo, gari ne na manoma, dajin Falgore kuwa da ake zuwa kallon namun daji yana can kudu, wajen Tudun Wada da Doguwa, a kan hanyar Jos.